Yadda taswirar zamani ke taimaka wa aikin raya ƙasa

A shekara ta 2012, mutane 223 ne aka tabbatar sun kamu da cutar shan inna a duniya baki ɗaya, kuma 122 daga cikinsu a Najeriya suke, akasari a jihohin arewa.

An daɗe ana ɗora alhakin hakan a kan iyayen da ke ƙin yarda a ɗiga wa 'ya'yansu maganin rigakafi, musamman tun bayan dakatar da aikin da aka yi a jihar Kano daga 2003 zuwa 2004.

To amma akwai wani dalili da ba a cika ambata ba. Akwai ƙauyuka da rugage masu yawa da ma'aikatan rigakafi ba su taɓa zuwa ba, saboda babu su a taswirar da ake aiki da ita.

Yadda aka shawo kan wannan matsala na daga cikin misalan da suka fi nuna amfanin taswirar kwamfuta wajen raya ƙasa.

Mece ce taswirar zamani?

Taswirar takarda hoto ne guda, wanda da zarar an buga shi ba ya sauyawa. Ita kuwa ta zamani rumbun bayanai ce a cikin kwamfuta, inda ake haɗa kowane bayani da ainihin wurin da yake a doron ƙasa. Masana na kiran wannan tsari GIS a taƙaice.

Ana jera bayanan ne hawa-hawa. Hawa ɗaya na nuna hanyoyi, wani koguna da rijiyoyi, wani makarantu da asibitoci, wani kuma yawan jama'a. Idan aka ɗora su a kan juna, kwamfuta na iya amsa tambaya kamar: ƙauyuka nawa ne a wannan ƙaramar hukuma suka fi nisan kilomita biyar daga asibiti mafi kusa?

Bayanan na fitowa ne daga hotunan tauraron ɗan'adam, da na'urar GPS mai nuna inda mutum yake tsaye, wadda a yanzu take cikin yawancin wayoyin salula, da kuma mutanen da ke bin gari-gari suna rubuta abin da suka gani.

Asalin fasahar

Tunanin ya girmi kwamfuta. A shekara ta 1854, lokacin da cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya yi wa gidajen da aka yi mace-mace alama a kan taswira. Sai ya ga sun taru a kewayen wani famfon ruwa guda, abin da ya ƙarfafa hujjarsa cewa ta gurɓataccen ruwa cutar ke yaɗuwa.

A shekarun 1960 ne Roger Tomlinson ya jagoranci gina tsarin GIS na farko a Kanada, domin tantance filayen ƙasar da abin da suka dace da shi.

Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun daga lokacin taurarin wannan jeri ke ɗaukar hotunan duniya.

Abubuwa biyu ne suka sa fasahar ta zo hannun ƙasashe matalauta. A watan Mayun 2000, Amurka ta daina rage ingancin saƙon GPS da fararen hula ke samu da gangan. A 2008 kuma aka fara bayar da hotunan Landsat kyauta ga duk mai buƙata.

Najeriya ma ta shiga sahu a watan Satumban 2003, lokacin da aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha. Wasu biyu sun biyo baya a 2011.

Yaƙi da shan inna

Kafin 2012, ma'aikatan rigakafi a arewacin Najeriya na aiki ne da taswirar da suka zana da hannu. Irin wannan zane ba ya nuna nisa daidai, kuma abin da mai zanen ya sani kawai yake ɗauke da shi.

Sau da yawa ƙauyen da ke kan iyakar gundumomi biyu kan faɗa tsakani, kowane ɓangare na zaton ɗayan ne ke da alhakinsa.

Daga wannan shekara, hukumomin lafiya na Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, suka fara zana sabbin taswirori na jihohin da cutar ta fi kamari.

An bi hotunan tauraron ɗan'adam ana yi wa kowane matsuguni alama, daga manyan garuruwa har zuwa 'yan bukkoki a daji. Daga nan aka tura mutane da na'urar GPS su je wurin da ƙafarsu, su tambayi sunansa da gundumar da yake ciki, domin hoto daga sama ba ya faɗin sunan gari.

Mataki na biyu shi ne bin sawun ma'aikata. Ana ba ayarin rigakafi wayar salula da safe, wadda ke adana wurin da suke duk bayan minti biyu. Da yamma sai a karɓi wayoyin, a ɗora sawun a kan taswira, a ga unguwannin da aka shiga da waɗanda aka tsallake. Inda aka tsallake, sai a sake tura mutane kafin a rufe zagayen.

An samu yaro na ƙarshe da ya kamu da ainihin ƙwayar cutar a jihar Kano ne a watan Yulin 2014, a ƙaramar hukumar Sumaila.

Sai dai a watan Agustan 2016 cutar ta sake ɓulla a jihar Borno, inda rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga yankuna da dama shekara da shekaru. A nan ma an koma ga hotunan sama, inda masana suka riƙa duba ko rufin gidaje na nan, ko an ƙone su, ko ciyawa ta cinye hanyoyi, domin gane ƙauyukan da har yanzu akwai mutane. Da wannan bayani aka tsara kai rigakafi tare da rakiyar jami'an tsaro.

Ranar 25 ga watan Agustan 2020 aka ayyana yankin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya a matsayin wanda ya rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna. An ci gaba da rigakafi bayan haka, saboda wani nau'in ƙwayar da kan ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su sami maganin ba.

Ba taswira kaɗai ta kawo wannan nasara ba. Sarakunan gargajiya da malamai da matan da ke shiga gida-gida sun taka muhimmiyar rawa wajen shawo kan iyaye. Abin da taswirar ta yi shi ne nuna musu ƙofofin da ba a riga an ƙwanƙwasa ba.

Ƙiyasta yawan jama'a

Najeriya ta yi ƙidayar jama'a a 2006, inda aka samu mutane kimanin miliyan 140. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Tsara makarantu ko rabon gidan sauro da tsofaffin alƙaluma kan sa wani wuri ya samu fiye da buƙata, wani kuma ya rasa.

A 2018 aka ƙaddamar da wani shiri mai suna GRID3, wanda ya ɗora a kan darussan aikin shan inna, tare da masana daga jami'o'in Southampton a Ingila da Columbia a Amurka.

Dabarar ita ce a ƙirga mutane gida-gida a wasu zaɓaɓɓun wurare, sannan a kwatanta da yawan gine-ginen da ake gani daga sama, a fitar da ƙiyasin mazauna kowane fili mai faɗin mita 100 da tsawon mita 100. Wannan ƙiyasi ne, ba ya maye gurbin ƙidaya.

Itatuwan Maraɗi da Damagaram

Taswira kan nuna abin alheri da ya ɓoyu, ba matsala kaɗai ba. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, an ɗauka cewa hamada na cinye kudancin Jamhuriyar Nijar ba ƙaƙƙautawa.

Amma da masana irin su Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holand suka kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000, sai suka tarar itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram.

Manoma ne da kansu suka yi aikin, ta hanyar barin tohon kututture ya girma suna yi masa sassabe, maimakon sare shi. Gawo na daga cikin itatuwan da suka fi yawa. An ƙiyasta cewa aikin ya shafi hekta kimanin miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Hotunan ne suka zama hujjar da ta jawo hankalin gwamnatoci da masu bayar da agaji ga wannan dabara mai arha.

Muradun 2030

A watan Satumban 2015, ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya 193 suka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, da ake son cimmawa nan da 2030, bisa alƙawarin cewa ba za a bar kowa a baya ba.

Wasu daga cikin ma'aunan ba su aunuwa sai da taswira. Misali, ɗaya na neman a san kason mazauna karkara da ke zaune cikin kilomita biyu daga hanyar da ake iya bi rani da damina.

Inda gizo ke saƙa

Fasahar na da iyaka. Tauraro na ganin rufin ɗaki, amma ba ya ganin mutum nawa ke kwana a ciki. Gajimare kan rufe ƙasa da damina. Makiyaya kan tashi, ta yadda rugar da aka yi wa alama bana ba lalle a same ta baɗi ba.

Sawun wayar ma'aikaci na nuna ya je unguwa, amma ba ya tabbatar da cewa maganin ya shiga bakin yaro.

Akwai kuma batun sirri da tsaro, domin taswirar da ke nuna kowane gida da kowace hanya na iya amfanar mai mugun nufi idan ta faɗa hannunsa.

Babban ƙalubale shi ne ɗorewa. Garuruwa na faɗaɗa, mutane na ƙaura, don haka taswirar da ba a sabunta ta kan tsufa cikin 'yan shekaru. Mafi yawan kuɗin ayyukan da aka ambata a Najeriya daga waje suka fito, kuma ci gaba da su ya dogara ne a kan ko gwamnatocin jihohi da na tarayya za su ware kuɗi, su kuma horar da ma'aikatansu domin riƙe aikin.