Idon Kyamara a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali Daga Ƙasar Gusau

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna yadda tsohuwar kyamara, irin mai ƙafa uku da zuga-zugi wadda mai hoto kan lulluɓa da baƙin ƙyalle, za ta taimaki mai binciken tarihi. A gidajen Gusau da Tsafe da Bungudu akan tarar da hotunan hawan salla da na naɗin sarauta ba tare da an rubuta shekara ba. Masu hoton sun ƙaura, magada kuwa sukan ɗauki akwatin a matsayin tarkace. In aka yar da shi, an yar da shaida.

Da farko dai, sai a tuna cewa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Cinikin gyaɗa da auduga ya jawo baƙi 'yan kudu Sabon Garin Gusau, ta nan ne kuma kayan Turai suka yawaita a ƙasar. Amma shigowar kaya daban, shekarar ƙira daban.

Abu biyu ake dubawa: idon kyamarar, wato gilashinta, da ƙyauren da ke buɗewa ya rufe domin shigar haske. Sunan da aka zana a bakin ido shi ne matakin farko. Rapid Rectilinear, Dallmeyer ne ya fito da shi a Ingila a 1866. Tessar kuwa Paul Rudolph ya ƙirƙiro shi a kamfanin Carl Zeiss na Jamus a 1902. Idon da ke ɗauke da sunan Zeiss-Opton bai riga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ba, domin bayan raba Jamus ne reshen yamma ya ɗauki wannan suna. Haka nan shafen da kan sa gilashi ya yi sheƙin shuɗi ko shunayya, a 1935 Zeiss ya yi rajistar dabararsa, bai kuwa bazu a kasuwa ba sai bayan yaƙin.

Kamfanin Kodak na Amurka ya ɓoye shekara cikin kalmar CAMEROSITY, inda harafin C yake 1, A yake 2, har zuwa Y da yake sifiri. Alal misali, lambar da ta fara da EO tana nufin 1946.

Shi ma ƙyaure yana da nasa tsarin. Friedrich Deckel na birnin Munik ya fito da Compur a 1912. Na farko da ɗan faifai ake saita saurinsa. Wajen 1928 aka koma juya zoben gefe. Synchro-Compur kuwa sai 1951.

To, a nan ne tarko yake. Shekarar ƙira iyaka ce kawai ta farko: hoton da aka ɗauka da idon 1946 ba zai riga 1946 ba, amma yana iya zama na 1965. Sa'an nan masu hoto ba sa yar da abin da ke aiki. Sukan ɗaura tsohon ido a sabon ƙyaure. Idan haka ta faru, ƙaramin a shekaru ne ke faɗin iyakar farko ta lokacin da aka haɗa su. Tilas kuma a tabbatar cewa da wannan akwatin aka ɗauki hoton.

Saboda haka sai a gwama shaidar kyamara da ta gida. Idan hoton na fadar Sarkin Katsinan Gusau ne, ko 'Yandoton Tsafe, ko Sarkin Fulanin Bungudu, a tambayi dattawa wa ke bisa gadon sarauta, a duba mota da gini da sutura. Daga ƙarshe, abin da ya wajaba a kan ɗalibi shi ne ya rubuta suna da lambar kowane ido da ƙyaure, tun kafin akwatin ya faɗa hannun 'yan gwangwan.