Daga Surame Zuwa Matan Fada: Abin da Bakabe Ya Kamata Ya Sani

Duk inda Bakabe ya ce shi mutumin Argungu ne, ko a Legas, ko a Kaduna, ko a Abuja, abin da za a fara yi masa magana a kai shi ne su. Ba laifi ba ne, domin bikin kamun kifi ya kai sunan garinmu inda ƙafarmu ba ta taka ba. Abin takaici shi ne da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birane iyakar saninsu ke nan, alhali kuwa bikin ƙarshen labari ne, farkonsa yana can Surame.

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi. Ya taimaki Askiya Muhammadu na Songhai a yaƙin Agadas, amma da aka zo rabon ganima sai suka ɓata. Kanta ya ɓalle, ya kuma fatattaki rundunar da aka turo masa. Ya gina birninsa a Surame, ya kewaye shi da ganuwar dutse da laka, irin ginin da ba a cika samun kamarsa a ƙasar Hausa ba. Har Borno, wadda a lokacin ba a ja da ita, sai da ta gwabza da shi. Kufan birnin yana nan a cikin Jihar Sakkwato ta yau, kuma tun 1964 gwamnati ta sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Mu tambayi kanmu: mu nawa ne muka taɓa zuwa?

Daga baya sarauta ta koma Birnin Kabi, wanda ya faɗa hannun masu jihadi a 1805 ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Wasu Kabawa suka yi mubaya'a, wasu suka ƙi. Waɗanda suka ƙi ɗin ne suka kafu a Argungu. Sarki Karari ya rasa ransa a wannan gwagwarmaya a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya shafe shekaru masu yawa. A 1849 Nabame ya dawo ya sake ɗaga tutar Kabi, tare da goyon bayan Arawa da Zabarmawa da Dandawa. Daga nan aka yi ta fafatawa, in ban da ɗan hutun da aka samu da sulhun da ake kira Lafiyar Toga, har zuwa zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, kuma a kansa Turawa suka iso.

A ganina, wannan ne ya sa shekarar 1934 take da nauyi. A cikinta ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, bayan gabar da ta haura shekara ɗari. Kabawa suka rasa abin da ya fi dacewa su karrama babban baƙo da shi, sai abin da suka gada, wato ruwa da kifi. Saboda haka duk wanda ya ga dubban masunta sun ruga cikin Matan Fada da homa da gora, bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini, to shaidar sulhu yake kallo. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gargajiya na duniya a 2016.

Sai kuma tsohuwar fadar sarakunanmu, wadda aka bari a 1942, aka mayar da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Akwai tambura da makamai da kayan su na kakanni a ciki, ga kuma kaburburan sarakuna. Baƙi na shiga, mu 'yan gida mukan wuce ta ƙofa.

Dattawan da suka ji labarin zamanin Sama'ila daga bakin iyayensu saura kaɗan, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce a taron bana a ware kuɗi da mutane da za su bi su unguwa-unguwa da rikoda, a kuma shirya mota ta kai yaran da suka zo hutu Surame kafin damina ta ɓata hanya.