"Ba ya ji": tarihin wata lalurar yara da sunan da muke ba ta

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu bi sawun yadda aka fahimci wani ɓangare na lalurar otizim, wadda kafofin labarai na Hausa ke kira galahanga. Ɓangaren shi ne yadda jikin yaro ke karɓar ƙara, haske, wari, ɗanɗano da taɓi. Ra'ayinmu shi ne, an daɗe da ganin wannan alama, amma an yi jinkirin ba ta suna, kuma yaro ne ke ɗaukar nauyin jinkirin.

2. Abin da likitocin farko suka gani

Eugen Bleuler ne ya ƙirƙiro kalmar a 1911, daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", watau mutum ya shige cikin kansa. Tun daga sunan, hankali ya koma ga rashin cuɗanya. A 1925, a Mosko, Grunya Sukhareva ta bayyana halin yara maza shida, ta kuma lura da yadda ƙara ke damun wasunsu. A 1943, a Amurka, Leo Kanner ya kawo bayanin yara 11, waɗanda wasu daga cikinsu ke firgita da injin shara, da lilo, da zubar ruwan famfo. Duk da haka, littafin tantance cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a bugunsa na 1994, bai lissafa wannan alama cikin sharuɗɗa ba. Sai a bugun 2013 aka shigar da ita, shekara 70 bayan Kanner, a matsayin yawan ji ko ƙarancinsa.

3. Hanyar Faransanci

Ilimin likitanci ya iso Nijar ta hanyar Faransanci, kuma wannan hanya tana da nata tarihi. Littafin Bruno Bettelheim na 1967, wanda aka fassara a 1969 da sunan La Forteresse vide, ya ɗora laifi bisa iyaye, kuma ra'ayinsa ya daɗe da ƙarfi a Faransa. A asibitin Fann na Dakar, inda Henri Collomb ya horar da likitocin yankinmu da dama, Zempléni da Rabain sun rubuta a 1965 kan yaron da Wolof ke kira nit ku bon, mai shiru da kauce wa ido. Sun duba shi ta fuskar al'ada da dangantakar iyali. Binciken da Victor Lotter ya buga a 1978 kan otizim a Afirka kuwa ya shafi ƙasashe shida, babu ko ɗaya mai amfani da Faransanci.

4. Matsalar aikatau ji

A nan ne ilimin harshe ke da abin faɗa. Kamar yadda Ian Ritchie ya nuna a 1991, Hausa ta raba hanyoyin sani na jiki gida biyu: gani da ji. Muna jin ƙara, muna jin wari, muna jin daɗi, muna jin zafi, muna jin Hausa, muna jin magana. Saboda haka jimlar "ba ya ji" tana iya ɗaukar ma'ana uku:

(a) kurma ne;
(b) bai fahimta ba;
(c) yana da taurin kai.

Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara uku a Tondibiya, bakin kogi, kusa da Yamai, inda akwai sansanin horar da soja. Ana kiran sunansa bai waiwaya, amma da ya ji kukan janareta ko busar soja sai ya toshe kunne yana ihu. Yakan ƙi sabuwar riga mai kaushi, yakan ƙi fura in da gudaji. In uwa ta ɗauki ma'anar (a), sai a nufi makarantar kurame. In uba ya ɗauki (c), sai bulala. In kaka ta ce ɗan ruwa ne, sai neman magani wajen masu iskoki. Alhali yaron nan ji ne ya yi masa yawa ta wani wuri, ya yi masa kaɗan ta wani wuri.

5. Kammalawa

Faɗin ma'anar ji ba aibi ba ne ga Hausa. Inda Faransanci ke buƙatar aikatau daban-daban, Hausa tana da kalma ɗaya mai haɗa kunne, hanci, harshe da fata, kuma su ne lalurar ke taɓawa tare. Don haka muna ba da shawara ga ma'aikatan lafiya da masu fassara a gidan likita su yi amfani da "yawan ji" da "ƙarancin ji", su kuma warware tambayarsu. In uwa ta ce ɗanta ba ya ji, a tambaye ta: wace ƙara ce ke sa shi kuka? Wace tufa yake ƙi? In ya faɗi, yana nuna ya ji zafi? Bayan auna kunne, amsoshin nan ne za su nuna inda ya kamata a kai yaron.