Asalin Kalmar "Nep" a Harshen Mutanen Holan

A harshen mutanen Holan, duk abin da aka kwaikwaya aka sayar da sunan na asali ana ce masa "nep". Kalmar takan manne da wata ta haifi sabuwa: "nepleer" fatar jabu, "nepgeld" kuɗin jabu, "nepnieuws" kuma labarin ƙarya.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa an samo ta ne daga haruffan NEP, wato sabon tsarin tattalin arzikin da Lenin ya kafa a Rasha a 1921. Labarin yana da daɗin ji, domin sunan tsarin a harshen Holan ma da waɗannan haruffa uku yake farawa. Sai dai tarihi bai goya masa baya ba. Tun ƙarni na 19, kafin tsarin Lenin da shekaru masu yawa, ana amfani da aikatau "neppen" a Rotwelsch, zaurancen ɓarayi da 'yan yawon kasuwanci na ƙasar Jamus. Ma'anarsa damfara, musamman sayar da zoben ƙarfe da sunan zinariya. Mai wannan sana'a shi ne "Nepper".

Daga nan kalmar ta ƙetara zuwa Bargoens, takwaran wannan zaurance a Holan, wanda ya yi ƙarfi a unguwannin talakawan Amsterdam kuma ya ari kalmomi da yawa daga Yidish, harshen Yahudawan Turai. Wannan ne ya sa wasu masana suke danganta "neppen" da saiwar Ibrananci "na'af", mai nufin cin amanar aure. Idan haka ne, ma'anar ta tashi daga ha'inci a ɗaki ta koma ha'inci a ciniki. Sannu a hankali kalmar ta fita daga bakin ɓarayi ta shiga bakin kowa, har jaridu suka karɓe ta.

Ɗalibin Hausa zai ga misalin haka a kalmar "jabu", wadda masana suke dangantawa da Ijebu ta ƙasar Yarabawa, inda aka yi zargin buga kuɗin ƙarya a zamanin mulkin mallaka. Darasin da ke ciki ɗaya ne: kamar kumbo ba kamar katanta ba ce a fagen asalin kalma. Hujja ita ce lokacin da aka fara jin kalmar da bakin da ta fito. Kalmar da ke nufin jabu ma an yi mata asalin jabu.