Raguwar Ƙarfin Mai a Akwatin Giyar Mota Otomatik

Mota otomatik ita ce mai canza giya da kanta. A cikin akwatin giyarta akwai famfo mai tura mai da ƙarfi, kuma wannan ƙarfi ne ke kama giya. Idan ya ragu, faifan da ke ciki sukan zame, su yi zafi, su ƙone. Saboda haka, kada ka ci gaba da tuƙi in ka ga alamun.

Alamomi

Ka sa giya a D ko R, amma mota ta jinkirta kafin ta motsa. Inji na ruri, mota ba ta ja. Kana jin ƙaurin mai, ko ka ga jan mai ya ɗiga a ƙasa.

Fara da duba mai

Bari inji ya yi zafi. Tsaya a wuri mai baje, ja birkin hannu, sa giya a P. A yawancin motoci ana dubawa inji na aiki. Zaro sandar awon man giya, goge ta, mayar, sake zarowa. Ya kamata mai ya kai alamar zafi da ke jikin sandar.

Duba launinsa. Ja garau, lafiya lau. Baƙi mai ƙauri, ya ƙone. Mai kama da madara, ruwa ya shiga daga lagireto.

Gyara

In mai ya yi ƙasa, ƙara kaɗan kaɗan, sannan a toshe inda yake yoyo. Kada ya wuce alama, domin zai yi kumfa, ƙarfinsa ya sake raguwa. Zuba irin man da littafin motar ya ambata, kamar Dexron ko T-IV. Man inji ba ya maye gurbinsa.

In mai ya ƙone, a canza shi tare da matatarsa. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a Tahoua da Zinder, da tuƙi cikin rairayi suna saurin lalata shi.

Lokacin zuwa gareji

In mai ya cika amma alamun ba su gushe ba, ko motar ba ta da sandar awo, je wurin makanike. Nemi ya auna ƙarfin man da ma'auni kafin ya kwance akwatin. Awon zai taimaka a gane ko famfo ne ya cinye ko bawul ne ya maƙale. Kada a ja motar tafiya mai nisa inji a kashe, domin famfon ba ya juyawa. A ɗora ta bisa babbar mota.