Music Bank: Shirin Da Aka Haifa A Shekarar Da Aljihun Koriya Ya Bushe

 Masu bin waƙoƙin K-pop, na san kun sha ganin bidiyon nan: mawaƙa sun jeru a dandali, maki na hawa a allo, sai a kira suna ɗaya, sai ka ga yara sun rungume juna suna kuka. Wani zai ce, kukan me kuma a kan ɗan kofin da ake bayarwa duk mako? To yau asalin kofin nan za mu bi.

Mu koma 1981. Gidan talabijin na KBS a Koriya ta Kudu ya fara wani shiri, Gayo Top 10, inda ake jera waƙoƙin da suka fi tashe kowane mako. Lokacin babu intanet, babu YouTube. In ka zo na ɗaya a shirin nan, ƙasa gaba ɗaya ta san da kai. A 1982 mawaƙi Cho Yong-pil ya riƙe na ɗaya mako 10 a jere, har abin ya zama ba gasa. Sai aka kafa doka: waƙar da ta yi mako 5 a jere, a ba ta kofin zinare, ta sauka ta ba wasu wuri.

Shirin ya yi shekara 17 yana jan zarensa. Abin da ya kashe shi ba rashin masu kallo ba ne. A ƙarshen 1997 tattalin arziƙin Koriya ya durƙushe, ƙasar ta je neman bashi wurin IMF. Kamfanoni suka rufe, mutane suka rasa aiki. Jama'a har layi suka riƙa yi suna miƙa zobba da sarƙoƙinsu don a biya bashin ƙasa, aka tara zinare sama da tan 200. A irin wannan hali KBS ta ga kiɗa da rawa ba su dace ba, ta rufe shirin a Fabrairun 1998.

Matasa fa ba su yarda ba. Shirin da aka kawo a madadinsa bai karɓu ba, bai yi nisa ba ya mutu. A watan Yunin 1998 aka buɗe Music Bank, wanda har yau ake nunawa duk ranar Juma'a.

Amma ga inda gizo ke saƙar: wa ke yanke wanda ya zo na ɗaya? Wannan rigimar ba ta taɓa barin shirin ba. A 2001, bayan ƙorafin rashin adalci, aka cire jerin gwanayen kwata-kwata. Sai 2007 aka dawo da shi da sunan K-Chart, wanda ke haɗa abubuwa kamar yawan sauraro a intanet, cinikin faifai, da yawan sa waƙar a tashoshin KBS. Ko da hakan ƙura ba ta lafa ba. A 2022 an ba Lim Young-woong sifili a makin sa waƙa a tasha, sabuwar ƙungiyar Le Sserafim ta ɗauke kofin duk da ya fi su ciniki. Masoyansa suka tada jijiyar wuya, har 'yan sanda suka yi bincike, daga baya aka ce ba a samu maguɗi ba.

To me ya sa ake wannan faɗa? Saboda ga ƙananan ƙungiyoyi, kofin nan rayuwa ne. Ku ɗauki EXID. Sun fitar da "Up & Down" a Agustan 2014, ba ta je ko'ina ba, ƙungiyar na dab da watsewa. Wani mai kallo ya ɗauki bidiyon ɗaya daga cikinsu, Hani, ya ɗora a intanet. Bidiyon ya bazu, waƙar ta farfaɗo, aka sake gayyatarsu dandali, a Janairun 2015 suka zo na ɗaya a Music Bank. Su BTS ma da kuke gani, kusan shekara 2 suka yi kafin su ci kofin mako na farko, a Mayun 2015, da "I Need U".

Shirin da aka haifa lokacin da ake ganin waƙa almubazzaranci ce, shi ne ya cika Tokyo Dome a 2011, ya je Paris a 2012. Don haka in kun sake ganin yaran nan suna kuka da kofi a hannu, ku tuna akwai waɗanda makomar aikinsu ke rataye a kan makin Juma'a ɗaya.

Ku faɗa mana a ƙasa: cinikin faifai ya kamata ya fi nauyi, ko yawan masu sauraro? Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana nan.