Daga jinka zuwa jarka: yadda gobarar gida ta sauya a Illela

Ka tambayi dattawan Illela labarin gobarar da, jinka za su fara ambata maka. Da hunturu, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya lashe ɗakuna da rumbuna. Jinka kuwa tana kisa: a Nuwamban 2021 yara sama da 20 suka rasu a Maraɗi, da azuzuwan zana suka kama da wuta. Sai dai a gidan da, danga ta kara ce, babba na iya keta ta ya fice da yaro ta ko'ina.

Da bulo da kwano suka zo, wuta ta rage tsallake gida zuwa gida. Tsoron ɓarayi kuma ya kawo ƙarfen taga da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Mafita ta koma ɗaya tak.

Sannan ga fetur. Shekara da shekaru tallafin mai ya sa ya fi araha a Najeriya, jarkoki suka yi ta tsallakawa Ƙonni. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Illela kuwa a bakin iyakar take. Mai babur da mai janareta suka koma wajen 'yan bumburutu, jarka ta samu wurin kwana a zaure, wato kan hanyar fitar gidan.

Abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne, tururin fetur ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi. A ƙasa yake rarrafawa har ya iske garwashin kasko ko maganin sauro, wutar ta biyo shi zuwa jarkar. Hayaƙi kuma ba lallai ya tashe ka daga barci ba, yakan ƙara nutsar da kai ne.

To, ina mabuɗin kwaɗonka yake kwana? Yarinyarka 'yar shekara bakwai za ta iya lalubo shi a duhu? Ƙananan yara in sun firgita ɓuya suke yi, ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure. Ka gwada musu rarrafe ƙasan hayaƙi, ku raba wanda zai ɗauki wane, ku tsayar da wurin haɗuwa a waje, ko gindin dogon yaron ƙofar gida ne, inda za ka ƙirga su.